Ƙurajen zafi sun hana mu fita da yarinyata

Assalamu alaikum, iyaye mata. Tun da bazara ta kama a watan Maris, 'yata mai shekara 2 take fama da ƙurajen zafi, ƙanana jajaye, a wuya, ƙirji da matsematsi. Ba zazzaɓi, ba tari, tana cin abinci sarai. Susa ce kawai take hana ta barci.

A Samarun Zariya muke zaune, gidan kakanninta kuma cikin birni, bayan Ƙofar Doka. Ranar Juma'a in muka shiga Keke, kafin mu wuce Kwangila ta jiƙe sharkaf, musamman inda zanin goyo ya matse ta. Washegari sai ƙurajen su ninka.

Na koma kayan auduga, ina mata wanka da ruwan randa, na mayar da fitarmu bayan la'asar. Hoda cakuɗewa take da gumi. Man kaɗanya, wanda surukata ta dage a kai, ƙara tayar da su ya yi. Kalamin, maganin nan na shafawa a fata, yana kwantar da ƙaiƙayin, amma na ɗan lokaci ne. Fanka kuwa sai an kawo wuta.

Don Allah, me kuke yi wa yaranku kafin fita da yake hana ƙurajen dawowa, har damina ta sauka?