Neman fosdok: na san gona, amma taswira ta yi min nisa

Mai_Auna_Ƙasa:
Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da na kare kundin digirin digirgir a kimiyyar ƙasar noma. Shekara huɗu na yi ina haƙar samfuri a gonaki, ina auna yadda kabon ke ƙaruwa idan an bar karan amfanin gona ya ruɓe a wurinsa. Yanzu ina neman aikin bincike na bayan digiri, wato fosdok, amma duk tallan da na buɗe a fannin noma mai ɗorewa sai na ga ana neman wanda ya iya R ko Python (harsunan kwamfuta na nazarin bayanai), da Google Earth Engine (dandalin nazarin hotunan doron ƙasa a intanet), da sarrafa hotunan tauraron ɗan'adam. Ni kuwa iyakacina in ɗora ɗigogin GPS a manhajar taswira ta QGIS in fitar da taswira ɗaya. Shin in dakata shekara guda in koya, ko in nema a haka? Abin yana hana ni barci.

Ɗan_Lissafi:
Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ni ta ɗaya ƙofar na shigo, kwamfuta na karanta, kuma bari in ba ki labarin wata shida na farko. An ba ni aikin hasashen amfanin masara daga hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2, waɗanda kowane ɗigo a cikin hoton ke ɗaukar mita 10 a ƙasa, kuma sabon hoto na zuwa kusan duk kwana biyar. Lissafina ya fito da kyau har ina murna. Ashe na raba bayanan ne barkatai, gonar da na koyar da injin hasashen da ita tana maƙwabtaka da wadda na gwada shi a kai. Tun 1970 masanin taswira Waldo Tobler ya faɗi cewa abubuwan da ke kusa sun fi kama da juna, ni kuma na karanta ban ɗauka da muhimmanci ba. Da na ware yanki guda gaba ɗaya don gwaji, sai sakamakon ya zube.

Wadda ta gano sauran matsalar abokiyar aikina ce mai irin karatunki. Kallo ɗaya ta yi wa taswirar ta ce koren nan ba masara ba ce, ciyawa ce da bishiyoyin bakin gona. Ma'aunin NDVI, wanda ake auna tsirrai da shi a hoton, kore kawai yake gani, bai san wanda aka shuka da wanda ya fito da kansa ba. Ita ce kuma ta nuna min gonakin da aka haɗa shuka biyu, inda ɗigo ɗaya ke ɗauke da abu fiye da ɗaya. Ga gajimare da ke rufe komai a tsakiyar damina, lokacin da aka fi buƙatar hoton, dole muka koma ga tauraron Sentinel-1 mai radar, wanda gajimare ba ya tare shi. Saboda haka ki nema. Abin da ke kanki ya fi wuyar samu a irin ɗakunan bincikenmu.

Tsohon_Malami:
'Yata, kada ki zauna shekara ba ki da alaƙa da wata cibiya, domin lokaci yana ƙirguwa daga ranar da aka ba ki digiri. Tallafin fosdok na gidauniyar Humboldt a Jamus na waɗanda ba su wuce shekara huɗu da kammalawa ba ne. Na Marie Curie a Tarayyar Turai kuwa iyakarsa shekara takwas ta aikin bincike. Ki duba cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa na CGIAR ma, irin su CIMMYT a Meziko, IRRI a Filifin da ICRISAT a Indiya, su mutanen fili suke so.

Amma in an kira ki hira, ki yi tambaya ke ma. Wata nawa ya rage wa kuɗin aikin? Bayanan da za ki tara, za ki iya wallafa takarda da su da sunanki a farko? Na ga wanda ya shafe shekara biyu yana gyara wa wasu bayanai, ya fita ba takarda ko ɗaya, kuma abin ya daɗe yana damuna.

Mai_Taswira:
Ina tare da Malam, sai dai ban yarda a ce sanin gona kaɗai ya isa ba. A hirar da na yi, an buɗe min bayanai aka ce in nuna yadda zan fara. Kada ki rubuta abin da ba ki iya ba. Ki ɗauki samfuranki, ki sauke taswirar kabon ta SoilGrids, wato taswirar ƙasar noma ta duniya, mai ɗigon mita 250, kyauta ce, ki kwatanta da abin da kika auna da hannunki a R. Inda suka saɓa, nan takardarki take. Wata uku ya ishe ki in kin dage.

Mai_Auna_Ƙasa:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na sauke SoilGrids jiya da dare. Sai dai gonakina da yawa sun faɗa cikin ɗigo ɗaya saboda kusancinsu. In haɗa su in ɗauki matsakaici, ko in bar kowacce daban?