Toka a Kantamanto: musayar waƙa

'Yar Kantamanto:
Salama gare ku, 'yan'uwa. Tun gobarar da ta ci Kantamanto, kasuwar gwanjo ta Accra, ran 2 ga Janairu 2025 ban ce uffan a nan ba, yau mako uku ke nan. Mai amsa mini ya amsa da baiti, na ƙoshi da jaje.

Daren tsallaka shekara ni ce na ja waƙa,
Kwana biyu ba su cika ba na tsaya a kan toka.
Dila uku na gwanjo, biyu bashi na ɗauka,
Ko ɗaurin guda ban kwance ba wuta ta lashe duka.
Almakashi kaɗai na tono, baƙi ƙirin kamar hankaka,
Mai bashi bai san gobara ba, yana ƙofata da jaka.
Kowa ya gan ni sai "yi haƙuri", har na gaji da kuka,
Haƙurin nan, ku gaya mini, dama shi ake ko tuƙa?

Ɗan Mawaƙa na Nima:
Yaya, sannu, ki daure ki ƙara haƙuri,
Zinariya ma sai ta sha wutar maƙeri.
Ayuba ya rasa tumaki 7,000 rana guda babu shiri,
Raƙuma 3,000 suka tafi, 'ya'ya 10 suka shiga kabari,
Ya faɗi ya yi sujada, ya ƙi jingina wa Allah sharri,
A ƙarshe ninki biyu ya samu, ya tsufa cikin alheri.
Mai dafa dutse shi ke shan romo, in dai ya bar gaggawa da sauri.

'Yar Kantamanto:
Ƙanena, dutsen nan naka na ji, amma ina da tambaya,
Gawayin da za a dafa shi, a Accra ta yau, wa zai saya?

Baba Tsohon Direba:
Ni idona ya yi rauni, jikata ce ke buga mini a waya. Ɗana, zauna.

Ka karanta farkon Littafin Ayuba, ka yi tsalle sai rufewa,
Surori 40 na tsakiya fa? A nan mutumin ke ta kururuwa.
A ta 3 ya buɗe baki ya la'anci ranarsa ta haihuwa.
Abokansa sun yi kwana 7 a ƙasa tare da shi, ba mai tankawa,
Nan suka yi daidai, da suka fara wa'azi suka shiga ɓatawa,
Allah ya ce mai kukan ya faɗi gaskiya, su kuwa suka sha tsawatawa.

Yanzu ke, ɗiyata.

Ran 3 ga Yuni 2015 ina shataletalen Nkrumah da trotro, motar hayata, ruwa na zubowa,
Rafin Odaw ya cika ya tumbatsa, titi ya zama kogi, ba wucewa.
Yaron motata ya ce, "Baba, bari in fake a gidan mai." Na ce jeka, ina zuwa.
Fetur ya hau kan ruwa, wuta ta bi fetur, ba wurin tserewa.
Sama da mutum 150, har da shi. Ni aka aika in gaya wa uwa.
Shekara guda ina bencin baya a majami'a, ana waƙa ba na amsawa,
Zabura 88 ce abincina, ita ce ta ƙare a duhu, gari bai kai ga wayewa.
Wanda ya bar ta cikin Littafi ya san akwai dare mai daɗewa.
Kai masa ƙarar gaba da gaba, Uba ne, ba ya korar mai kokawa,
Yakubu ma har asuba suka yi, ya tafi da albarka yana ɗingisawa.

Mama Mai Ɗinki ta Mamobi:
Baba, kun sa na ajiye keke na share ido. Allah ya ƙara muku lafiya. Ni da kalma guda zan kama 'yar'uwata.

Ke da bakinki kika ambaci hankaka,
Annabi Iliya a rafin Kerit, ba gona, ba shuka,
Safe da yamma gurasa da nama tsuntsun nan ke ɗauka.
Rafin ma ya ƙafe daga baya, kada a ɓoye miki haka,
Sai gwauruwar Zarefat mai ɗan gari a ƙasan tukunya, ita ma a bakin halaka,
Ta toya masa, garin bai ƙare ba har ruwan sama ya sauka.
Mako uku yaranki ba su kwana da yunwa ba. Wa ya aiko? Wa ya miƙa?

'Yar Kantamanto:
Mama, kun kama ni, ba ni da ta cewa.

Hankakata mayafi take sawa, ɗakinta na kallon nawa a Nima,
Hajiya mai waakye ce, shinkafa da wake, tun asuba ta ɗebo a ganye har da nama,
Ta aiko jikarta, ba wa'azi, ba "yi haƙuri", ba ta jiran na gode ma,
Na ce zan biya in na farfaɗo, ta ce in na sake faɗa za mu yi rigima.
Bashin yana nan daram, Baba, addu'ata rabi faɗa ce rabi hamma,
Amma na buɗe 88 ɗin, na fara a tsaye, na ƙarasa a kan tabarma.

Kafintan Sabon Zango:
Ni ban iya baiti ba, na iya ƙusa,
Akwai ragowar katako 6 da kwano 2 bayan shagona a ƙasa.
Maƙwabtanki sun kakkafa rumfuna, kada wani ya hau filinki ya ce nasa,
Asabar da sassafe. Mai zancen dafa dutse ya zo ya nuna ƙarfinsa.

Ɗan Mawaƙa na Nima:
Baba, na karanta sura ta 3 daren jiya, ban iya barci ba.

Bakina ya riga kunnena, Yaya, ki yafe wa ƙane,
Ki kawo gammo kawai, ɗaukar katakon nan nawa ne.

'Yar Kantamanto:
Na yafe tun tuni. Ƙarfe 6 a tashar trotro, ku sa rigar sanyi, hunturun bana da ƙura. Kada kowa ya karya a gida, Hajiya ta ji labari ta ce ƙunshi huɗu za ta yi.

Kafinta, in kana da dutsen wasa wuƙa, jefa shi a jaka,
Almakashin nan na goge shi jiya, ina jin zai yi yanka.