Yaro mai yawan ƙishirwa da fitsari: ina za mu nufa daga Tawa?

Baban Nafisa: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ɗan ƙanena yana da shekara 3, ruwa ba ya isarsa, fitsari ba ya tsayawa dare da rana, kuma jikinsa ya ƙi girma. An auna suga, ba shi da shi. Likita ya ce yana zargin ciwon Bartter, wani ciwon ƙoda, ya ce mu tafi Yamai. Wanda ya san inda ya dace mu fara, ya taimaka mana.

Malam Idi: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Ku nufi asibitin Lamorde, can ne sashen masu ciwon ƙoda yake, kuma ku riƙe takardar turawa da sakamakon duk gwajin da aka yi.

Maman Abdu: Baban Nafisa, ku gode wa Allah da ya haɗa ku da likitan da ya yi wannan tunani da wuri. Ƴata bakwaini aka haife ta, bayan cikin ya tara ruwa fiye da ƙima, kuma tun tana jaririya zanen goyonta ba ya bushewa. A wani gidan likita an ɗauke ta a matsayin mai tamowa, ana ba mu abincin gina jiki, ana yi mini faɗa cewa ba na kula da ita, alhali tana amai tana ramewa a hannuna. Ba wanda ya auna gishirin jininta sai ranar da ta langaɓe, ta kasa ɗaga wuya, sannan aka ga potasiyom ɗinta ya faɗi ƙwarai. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin gwaji ɗaya ne na jini, wanda likitoci ke kira iyonogaram, da an yi shi tun farko da ba ta sha wannan wahala ba. Ku nemi a yi shi, a auna gishirin fitsari ma, a kuma yi hoton ƙoda, saboda wasu yaran alli yana taruwa musu a ciki. Yanzu tana shan ruwan potasiyom kullum, tana zuwa makaranta.

Hajiya Inna: Ɗana, tunda gishiri ne ke zuba daga jikinsa, ku riƙa jiƙa masa kanwa yana sha kafin ku samu halin tafiya.

Rabi Mai Jinya: Hajiya, ki yi mini haƙuri, kanwa ba ta dace da shi ba. Jinin masu wannan ciwo ya riga ya karkata zuwa ɓangaren da kanwa ke ƙara turawa, kuma ba za ta mayar masa da abin da yake rasawa ba. Ƙoda tana tace jini, sannan siraran bututun da ke cikinta su tsotse gishiri da ruwa su mayar wa jiki. A ciwon Bartter, wanda aka fara bayyanawa a 1962, wani sashe na bututun ne ba ya wannan aiki, sai gishiri ya bi fitsari, ruwa ya bi shi, potasiyom ma ya tafi, amma hawan jini ba ya zuwa. Akwai ɗan uwansa, ciwon Gitelman, da aka bayyana a 1966, wanda ya fi sauƙi kuma yakan fito bayan yaro ya tasa, da kasala, da ɗaurewar tsoka, da kwaɗayin gishiri, da ƙarancin magneziyom, wani gishirin jini.

Malam Idi: Shin iyayen yaron ƴan uwa ne? Na ji an ce auren zumunci ne ke kawo shi.

Hajiya Inna: Malam, kakanninmu auren gida suka yi, ga mu nan da ranmu. Kada a ɗora wa zumunci laifi.

Rabi Mai Jinya: Ku duka kuna da gaskiya ta wani fanni. Sai uwa da uba kowanne yana ɗauke da ƙwayar gadon, su kuma lafiyarsu ƙalau, sannan a kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 ɗan ya zo da ciwon, kamar yadda sikila take. Ƴan uwa sun fi haɗuwa a ƙwaya ɗaya, amma bare ma suna iya haɗuwa, kuma ba laifin uwar ba ce ita kaɗai.

Maman Abdu: Abin da na fi tsoro shi ne bazara. Tafiyar ta fi kilomita 500, kada ruwa ya yanke masa a mota, kuma idan gudawa ko amai ya kama shi, ku tsaya gidan likita mafi kusa, ko Konni ko Dosso, domin faɗuwar potasiyom tana taɓa bugun zuciya. Dabino da ayaba da wake suna taimakawa, amma ba su maye gurbin magani.

Rabi Mai Jinya: Akan rubuta wa wasu maganin indometasin, yana rage fitsarin sosai, sai dai kada kowa ya saya da kansa a farmasi, domin yana cin ciki, yana kuma cutar da ƙoda idan jiki ya bushe.

Baban Nafisa: Na gode, Allah ya saka da alheri. Maman Abdu, ruwan potasiyom ɗin a Tawa kike samunsa, ko sai an aiko miki daga Yamai?