Kullen Korona: yaya ya taɓa sana'arku?

Mai Odar Kaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa. Ni kayan gyaran waya nake odowa daga Sin. Da aka rufe birnin Wuhan na Sin a Janairun 2020 na ɗauka abin mako biyu ne. Sai masana'antu suka tsaya cak, wakilina ya daina ɗaga waya. Ko da aka buɗe, kwantenoni sun maƙale a tashoshin Turai da Amurka, kuɗin jigila ya ninka ya sake ninkawa. Ana cikin haka jirgin ruwan dakon kaya na Ever Given ya toshe mashigin Suez na Masar kwana shida a Maris 2021. Mutum ya zo da kuɗinsa a hannu, in ce masa babu, ya juya. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Ma'aikaciyar Jinya: Wa alaikumus salam, Alhaji. Mu takunkumi ɗaya muke yini da shi, da yamma mu naɗe a takarda, gobe mu mayar. Ni na goyi bayan dokar kulle, domin na tsaya a kan mutanen da ke haki suna neman iska. Amma da Indiya ta taƙaita fitar da wasu magunguna a Maris 2020, har da farasitamol, sai na gane duniya ta rataya lafiyarta a kan masana'antu ƙalilan.

Mazaunin Ingila: Sannu da ƙoƙari, 'yar uwa, Allah ya saka. Ni gwamnati ta biya kashi 80 na albashina ina zaune a gida. Maƙwabcina da ke aikin yini babu takarda, ko sisi bai gani ba.

Mazauniyar Amurka: Mu dala 1,200 aka tura mana da farko, daga shirin tallafin gwamnati na dala tiriliyan 2.2. Wallahi ta biya mini haya. To amma kowa ya samu kuɗi, ba a fita, sai odar kaya ta intanet, jiragen ruwa suka yi layi a bakin tashar Los Anjalas. Zuwa Yunin 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 9.1.

Mai Odar Kaya: Ashe kwantenonin da nake jira, Hajiya, can wajenku suke layi. Ni tallafi bai iso ni ba, tsadar ce kawai ta iso. Har yau ina biyan bashin wancan lokacin.