Komawa Madina da zama bayan shekaru ashirin: abin da waɗanda suka gwada suka tarar

Abu Sumayya:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa, na kawo muku wata magana da ta hana ni barci tun farkon watan nan. Na kammala Kulliyar Shari'a ta Jami'ar Musulunci ta Madina a shekarar 2003, na koma gida Katsina na ci gaba da koyarwa, yanzu kuma shekaruna 47, da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, babbansu yana ajin ƙarshe na sakandare. Wani kamfani mai hidimar maziyarta ya yi mini tayin aikin tafinta a Madina, kwantiragin shekara biyu da ake iya sabuntawa. Tun ranar da na bar garin zuciyata take can, kuma duk Umrar da na je sai na roƙi Allah Ya dawo da ni da zama. To ga shi abin ya zo har ƙofa, sai kuma na ji gabana yana faɗuwa. Ina roƙon duk wanda ya yi karatu a can, ya tafi, sannan ya dawo da iyali bayan ya manyanta, ya faɗa mini abin da ya tarar, daɗinsa da ɗacinsa. Falalar Madina duk mun karanta ta. Labarin zaman yau da gobe nake nema.

Abu Hafsa:
Wa alaikumus salam, Malam. Na shiga jami'ar a 1995, na fita a 2001, na kuma dawo da iyalina a 2016, saboda haka na taka hanyar da kake shirin takawa. Abu na farko da zan gaya maka shi ne, Madinar da muka sani a lokacin ɗalibta gari ne da aka ɗauke mana nauyinsa ba tare da mun lura ba. Jami'a ce ta ba mu ɗaki, ta sauƙaƙa mana abinci, ta biya mu mukafa'a, wato alawus ɗin ɗalibai, duk wata, ta yankar mana tikitin zuwa gida duk shekara, sannan ta ajiye motocin da ke kai mu Harami da yamma su dawo da mu bayan Isha'i. Ban san farashin hayar gida a Madina ba sai da na haura shekara arba'in. Ranar da na fara yawon neman gidan haya mai ɗaki uku, aka ce in kawo kuɗin wata shida a dunƙule, ranar na gane cewa baƙon jami'a daban, mazaunin gari daban.

Ka zauna da biro da takarda kafin ka amsa wa kamfanin nan. Shekara ɗaya da dawowata, a watan Yulin 2017, aka fara karɓar kuɗi a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamar ma'aikaci baƙo, wato takardar izinin zamansa a Saudiyya, riyal 100 a wata. Aka riƙa ƙara 100 duk shekara har ya tsaya a riyal 400 a 2020. Kai da ke da mata da yara huɗu, riyal 2,000 ke nan a wata, 24,000 a shekara, tun ba a zo maganar haya da lantarki da cefane ba. Harajin da ake ɗorawa a kan saye kuma bai wanzu ba a zamaninmu. An kawo shi a 2018 a kan kashi 5 cikin 100, aka mayar da shi kashi 15 a 2020. Ka tambayi kamfanin a rubuce: wa zai biya kuɗin iyali, wa zai biya inshorar lafiyarsu, kuma akwai alawus ɗin gida ko babu? Ni ban tambaya ba, don zumuɗi ya rufe mini ido, na sha wuyar hakan shekara biyu cur.

Duk da haka ban yi nadama ba, kuma ba na so lissafin nan ya kashe maka gwiwa. Na riski majalisin Shaikh Umar Fallata a Masallacin Annabi (SAW) kafin rasuwarsa a 1999, na zauna a darasin Shaikh Abdul Muhsin Al-Abbad bayan Magariba, amma gaskiya a lokacin rabin hankalina yana kan jarrabawa, rabi yana gida. Yanzu idan na zauna a halƙa, wato da'irar karatu, ina jin hadisin da na haddace tun ina ɗan shekara 22, sai in ji kamar yau aka fara karanta mini shi, domin na binne mahaifi, na aurar da 'ya, na ga abin da a da haruffansa kawai na sani. Sai dai ka sani ba kullum za ka samu zuwa ba. Ɗalibi yana da La'asar zuwa Isha'i a hannunsa. Ma'aikaci kuwa, musamman mai hidimar maziyarta, a Ramadan da lokacin Hajji ne aiki ya fi danne shi, wato daidai lokacin da ya fi son zama a Harami.

Ummu Bilal:
Malam, ka yi haƙuri in sa baki, domin na lura maza kan manta da ɓangarenmu idan ana wannan shawara. Na zauna a Madina daga 2004 zuwa 2009 lokacin da maigidana yake digiri na biyu, muka dawo a 2019. A zaman farko mu matan ɗalibai kamar 'yan gida ɗaya muke: wadda ta haihu ba ta ɗora tukunya, wadda ta yi tuwo da miyar kuka sai ta aika wa gida uku. Da muka dawo na ɗauka zan tarar da haka, sai na iske duk waɗanda na sani sun watse, wasu Kano, wasu Yamai, wasu Kumasi. Matan ɗalibai na yanzu kuwa sa'o'in ƙannena ne, suna girmama ni suna kira na Umma, amma ba da su zan zauna in faɗi damuwar ɗa matashi ko ciwon uwa ba. Wata shida na yi ina kuka a ɓoye. Abin da ya fitar da ni shi ne halƙar haddar Alƙur'ani ta mata a Harami, da kuma wasu iyayenmu Hausawa da aka haifa a nan, waɗanda kakanninsu suka zo tun zamanin tafiyar ƙafa. Su ne suka riƙe ni kamar 'yarsu. Saboda haka ka tambayi maiɗakinka abin da ke ranta, kuma ka ba ta dama ta faɗi gaskiya ba tare da ta ji kamar tana ƙin garin Manzon Allah ba ne.

Maganar yara kuma ita ce ta fi komai nauyi. Makarantun gwamnati da Larabci ake koyarwa, ƙananan yara suna ɗauka cikin shekara guda, amma wanda ya kai ajin ƙarshe na sakandare a gida kada ka taɓa shi. Ka bar shi ya rubuta jarrabawarsa a Katsina. Mu mun ɗauko tamu tana aji huɗu, ta yi asarar shekara, har yau abin yana damuna.

Baban Khalil:
Ni na dawo a 2014, na sake tattarawa na koma Zariya a 2019. Da kuɗin iyali ya yi yawa sai na mayar da su gida na zauna ni kaɗai, na wayi gari ina da shekara 50 ina kwana a ɗaki ɗaya da wasu ma'aikata biyu, kamar dai zaman ɗalibta amma babu ƙuruciyar da ke sa a jure shi. Sannan mahaifiyata ta kwanta ciwo, kuma ban ga hujjar da zan kai gaban Allah ba idan na zaɓi makwabtaka da Harami na bar ta a hannun wasu. Idan iyayenka suna raye, Malam, ka fara da su kafin kowane lissafi.

Ɗan Maiurno:
Akhi Abu Sumayya, tawa komawar ba da shawara aka yi ta ba. Ni Bahaushen Sudan ne daga Maiurno, kusa da Sinnar a bakin Shuɗin Nilu, garin da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Na yi Kulliyar Hadisi, na fita a 2002, na shekara ashirin ina koyarwa a Khartum. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 muka gudu Wad Madani, da ita ma ta faɗi a watan Disamba na shekarar muka nufi gabas, daga Sawakin muka hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Wani tsohon abokin ɗakina ne ya tsaya mini har na samu aiki.

Kwana biyu da isowata na fita neman wuraren da na sani. Gidajen da ke kewaye da Harami, inda wasu abokanmu masu aure suka yi haya, an rushe su saboda faɗaɗa masallaci da gina otal-otal. Harabar da muke tsallakawa da gudu saboda zafin rana yanzu manyan lemomi 250 sun rufe ta. Rauda, wadda muke shiga bayan Asuba ba tare da tambayar kowa ba, yanzu sai ka nemi izini ta manhajar Nusuk. Jirgin ƙasa na Haramaini, da aka buɗe a 2018, yana kai mutum Makka cikin awa biyu da 'yan mintuna, tafiyar da muke kwashe rabin yini a mota. Hatta hutun mako ya tashi daga Alhamis da Juma'a ya koma Juma'a da Asabar tun 2013. Na shiga jami'a na tarar an ƙara kulliyoyin kimiyya da injiniya da kwamfuta, na tsaya a gaban ginin da na kwana shekara huɗu, wani yaro ɗan Nijar ya gaishe ni da ladabi ya tambaye ni ko ɗana nake nema. A nan ne hawaye suka zubo mini, domin na gane abin da na yi shekaru ina kewa rabinsa mutane ne, kuma mutanen nan ba sa nan.

Amma Uhudu yana inda yake, Baƙi'a tana inda take, kuma duk Asabar ina takawa da ƙafa zuwa Ƙuba ta titin da aka gyara wa masu tafiya. Mutumin da ya rasa gidansa da littattafansa a dare ɗaya ya san darajar wurin da zai shiga ya ce nan na taɓa zama. Idan ƙunci ya taso mini nakan tuna hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, wanda ya yi alkawarin ceto ko shaida ga wanda ya yi haƙuri da tsananin Madina. A ɗalibta mun karanta shi alhali ba mu ɗanɗani tsananin ba.

Abu Hafsa:
Allah Ya mayar muku da alheri, Ustaz, Ya zaunar da Sudan lafiya. Ƙari ɗaya ga Abu Sumayya: igama ba ta zama takardar zama ta har abada, tana tafiya ne da aiki. Kada ka sayar da gidanka na Katsina, kuma idan akwai hanyar ɗaukar hutu ba albashi a wurin aikinka, ka bi ta maimakon ajiye aiki.

Abu Sumayya:
Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Hajiya Ummu Bilal, maganarki ta sa na zauna da maiɗakina jiya da dare, kuma ta faɗa mini abubuwan da ban taɓa tambayarta ba, ciki har da tsoron barin mahaifiyarta. Baban Khalil, mahaifina ya rasu, mahaifiyata tana nan da ƙarfinta, gobe in sha Allahu zan je Funtua in same ta. Na kuma rubuta wa kamfanin tambayoyi ukun da Abu Hafsa ya lissafa. Abin da muka fi karkata a kai shi ne in fara zuwa ni kaɗai na shekara guda har babban yaron ya gama jarrabawa. Baban Khalil, kai da ka yi irin wannan zaman, sau nawa kake samun zuwa gida a shekara, kuma yaya ka yi da tarbiyyar yara daga nesa?