Ƙanwata ta fito daga Kirikiri, ya zan yi da ita?

Salamu alaikum jama'a, don Allah ku ban shawara. Ƙanwata ce ta fito daga gidan yarin mata na Kirikiri wata 4 kenan, a can ta koyi ɗinki kuma wallahi hannunta na da kyau, ni na sai mata keke na hannu. Matsalar shago ce, mun zaga Agege har Idi-Araba, duk mai shagon da ya ji inda ta fito sai yace an kama, wani ma saida muka biya kuɗin ejan. Yanzu a ɗakina take ɗinki, ko ƙofar gida bata son leƙawa, da daddare ina jin kukanta. Mu ɓoye ne ko mu ci gaba da faɗin gaskiya? Ko akwai telan da zai ɗauke ta?