Wai soson teku dabba ne?

Ƴar Birni: Salamu alaikum ƴan gida. Yayana ya dawo daga Tunis ya kawo mani soson wanka, ga hotonsa nan, rawaya, laushi kamar cikin burodi, wai mai saidawa ya ce masa dabba ce, nutso ake a ciro ta a teku. Ni dai ban yarda ba.

Ɗan Zengou: Hhhh an ci kuɗin yaya. Soso ga shi nan yana yaɗo bisa dangarmu, in ya bushe mu ɓare mu kakkaɓe baƙaƙen ƴaƴan, kasuwar Dole ma tuli ne. Dabba ba kai ba ƙafa?

Mushe SVT: Suna ne ya haɗa su. Na danga tsiro ne, dangin kabewa. Na teku dabba ne, a kimiyya ana ce masu Porifera, wato masu huji, Robert Grant ya raɗa sunan a 1836. Ba ya haɗa abincinsa da hasken rana kamar ganye, ruwa yake zuƙa ta ƙananan hujin nan ya tace abin da zai ci ya fitar ta babban rami, kuma ɗansa in yana ƙarami iyo yake kafin ya samu dutse ya manne.

Ɗan Zengou: To yana da ciki? yana da ƙwaƙwalwa?

Mushe SVT: Babu ko ɗaya, ko jijiya babu.

Ɗan Zengou: Ka ji ko, da bakinka. Ciyawa ce.

Mai famasi: Ƙanena ai ba kai ka fara ruɗewa ba, malaman Turai ma sun daɗe suna sa shi cikin tsirrai. Amma a 1995 an ba da labarin wani iri a kogon teku kusa da Marseille, yana kama ƙananan halittun ruwa ya narkar da su. Ni abin da ya fi ɗaure mani kai gwajin wani masanin kimiyya Wilson ne na 1907, ya matse soso mai rai ta ƙyallen siliki ya zama kamar kunu, sai ƙwayoyin suka sake haɗuwa da kansu.

Hajiya: Ni tambayata daban ce, in dabba ce kenan da mushe ake wanka? Ba kai nike nufi ba Mushe, hhh

Mai famasi: Hajiya mushen teku ai halal ne, hadisi ya faɗa. Kuma abin da ke hannunta ƙwarangwal ne kawai, an wanke naman.

Ƴar Birni: To na ji. Wane iri ne nawa?

Mai famasi: Spongia officinalis, ba tantama, shi ake cirowa a Bahar Rum.

Mushe SVT: A nan ne ba mu shirya ba alhaji. Ba a yanke wa soso suna daga hoto, iri sun haura 8,000, aji huɗu, kuma iri ɗaya yana sake siffa gwargwadon ƙarfin ruwan wurin da ya tsiro. Yadda ake yi, a yanko ɗan guntu a jiƙa a jabel, naman ya narke, a duba abin da ya kwanta a mikroskop, za ka ga wasu ƴan allurai, wasu kamar tauraro wasu kamar ƙugiya, na gilashi ko na alli, su ke faɗin dangi. To soson wanka ba shi da alluran nan sam shi ya sa ba ya karce jiki, sai zare, zaren ake dubawa ko a yi gwajin ADN wato na ƙwayoyin gado, kuma a tekun nan akwai Hippospongia communis, shi ma ana saida shi don wanka.

Ɗan Zengou: "Wurin da ya TSIRO". Mushe ka faɗi da kanka!

Mushe SVT: Haƙori ma tsirowa yake.

Mai famasi: Ni dai ina nan kan officinalis, hujinsa ƙanana ne.

Ƴar Birni: Mushe in na yanko maka guntu za ka duba a lakwal?

Mushe SVT: Kawo ran Litinin, amma zare kawai zan iya nuna maki, sunan ba alkawari.